Ranar Farko a Kan Sirdin Raƙumi: Jagora ga Baƙon da Ya Sauka Tenhya

Wanda ya yi niyyar koyon hawan raƙumi a Damargu, ya fara cire zancen tafiya mai nisa daga ransa. Baƙi da yawa kan zo daga Damagaram ko Maradi ko Kano da buri guda: su naɗa rawani, su haye amale, su nausa daji har faɗuwar rana. Wannan burin ne ke kwantar da mutum da ciwon tsatso da saɓulallun cinyoyi, gari ya waye ya ce shi da raƙumi sai dai kallo daga nesa. Aikin ranar farko ɗaya ne, wato jikinka ya koyi bin motsin dabbar har ya daina gardama da shi. In ka samu wannan kafin magariba ka ci ribar yininka, ko da ba ka wuce inda ake hango hayaƙin zango ba.

A garuruwan bakin teku, irin su Ngor ta Dakar ko Busua ta ƙasar Gana, akwai tsarin da matafiya suka saba da shi. Da sassafe a shimfiɗa tabarma a kan rairayi a miƙe jijiyoyi da salon nan na mutanen Indiya da ake kira yoga, in hantsi ya dubi ludayi a shiga ruwa da allo a koyi tsayuwa a kan igiyar teku. Mai koyarwa ba ya barin sabon shiga ya tunkari babbar igiya. A kan rairayi ake fara gwada miƙewa tsaye, sannan a shiga inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Mu a Damargu ba mu da teku, rairayi da raƙumi Allah ya ba mu, kuma tsarin nan ya dace da mu sarai: a sassauta jiki, a koya a ƙasa, a hau a kusa da gida. A kansa na gina yinin da zan bayyana.

Kafin ka bar kwalta

Tenhya ƙaramar hukuma ce ta makiyaya a arewa da Tanut ta ƙasar Damargu, cikin jihar Damagaram. Daga birnin Damagaram hanyar Agadas za ka kama, ka wuce matatar mai ta SORAZ da ke wajen Bakin Birji, ka isa Tanut bayan kimanin kilomita 150. Kana ƙara yin arewa gonakin hatsi na raguwa, har su ƙare. Tun 1961 dokar Nijar ta ja iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta aka bar wa kiwo. Saboda haka raƙumi a nan ma'aikaci ne. Shi ke jan wasaki a rijiya, shi ke kai kaya kasuwar Tanut ko ta Belbeji, a kansa ake bin sawun dabbar da ta ɓata. Raƙumin da za a ba ka ka koya a kansa, an ɗauke shi ne daga bakin wani aiki, kuma ya kamata wannan ya zauna maka a rai tun daga gaisuwar farko.

Hanyar nan tsohuwa ce. Damargu ita ce rumbun Abzin: ayarin da ya ɗebo gishiri da dabino daga Bilma da Fashi a nan yake gangarowa ya yi musanye da hatsi, wani ya zarce har Kano. Da irin wannan ayari na Abzinawan Kel Ewey Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Damargu a watan Janairun 1851, a nan kuma ya rabu da abokan tafiyarsa biyu ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. Ilimin da dattijon da zai riƙe maka akala yake da shi, daga can ya gangaro.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dabbobi sun ƙoshi da ciyawar kaka, bayansu ya cika, rana ba ta da zafin azaba. Ka guji bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, dabbobi sun rame, masu su suna yini a bakin rijiya, ba wanda ke da sararin koyar da baƙo. Da damina kuma mutane sun bi ciyawa, zangon da aka kwatanta maka jiya ƙila yau ya tashi.

In ka sauka Tanut, ka tambayi halin da hanya take ciki kafin ka shiga motar kasuwa mai ratsa rairayi, ka kuma sanar da hukuma zuwanka: ofishin magajin gari, jandarmomi, sannan shugaban gargajiya na mutanen da za ka sauka wajensu. Matambayi ba ya ɓata. Ta hannunsu ne kuma za ka samu mai koyarwa. Ka nemi magidanci da ya manyanta, ko saurayin da dattijo ya ce ya yarda da hannunsa. Ka kira babba Baba, tsaranka ka ce masa Malam ko maigida. Ka ba gaisuwa haƙƙinta, ka tambayi iyali da bisashe da ruwa da ciyawa, amma kada ka tambayi makiyayi yawan dabbobinsa, Ba'abzine ne ko Bafillace. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mata ko tanti sai an ba ka izini. Ku yi ciniki tun da dare, a fili, ka san abin da kuɗin ya ƙunsa: raƙumi, da mai riƙe shi, da abinci.

Zaɓen raƙumi ka bar wa mai shi, da sharaɗi ɗaya da za ka faɗa da bakinka: kana son wanda ya saba da hawa, ya natsu, wanda yara ke hawa zuwa rijiya. Namijin da aka dandaƙe ko tsohuwar taguwa mai sanyin hali sun fi maka. Namijin da ke cikin lokacin barbara, wanda ke kumfar baki yana cizon haƙora yana fito da wata jar tsoka ta gefen baki, ko kusa da shi kada ka je. Haka taguwar da ke da ɗan jariri.

Tufafi kuwa, wando mai faɗi mara kaurin ɗinki a tsakanin cinya, riga mai dogon hannu, da rawani mai amawali da zai rufe hanci daga ƙurar hunturu. Wandon jins mai matsewa shi ne ke fara saɓule fata. Mace ta sa wando a ƙarƙashin zane. Matan Abzinawa suna da nasu sirdin mai faɗi da matasai, in akwai shi a zangon za ta fi sakewa a kansa. Mai juna biyu, da mai gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, da mai ciwon baya da ke sauka ƙafa, da mai yawan jiri, su haƙura da hawa sai likita ya yarda.

Bayan sallar asuba

Sanyin asubar Damargu a watan Disamba yana ɗaure jijiya, kuma jijiyar da ke ɗaure ba a ja ta da ƙarfi. Ka fara da tafiya a kan rairayi ta minti 10, har ka ji ɗumi ya shiga jikinka. Sannan ka zaɓi wuri a kan jigawa, ka duba shi da kyau saboda karangiya da tsidau da ramin kunama, ka shimfiɗa tabarma.

Wasu kan ji nauyi in an ambaci yoga, domin a wajen masu ita tana da ɓangaren ibada. Ba shi muke nema ba, kuma ba sai ka kira abin da kowane suna ba. Miƙe jijiya ne da daidaita numfashi, don gaɓoɓin da sirdi zai nema su kasance a shirye. Waɗannan gaɓoɓin kuwa sanannu ne: ƙugu, tsatso, cikin cinya, bayan cinya, da yatsun ƙafa.

Zauna ka haɗa tafukan ƙafafunka, ka bar gwiwoyi su sauka gefe da nauyin kansu, kada ka danna su da hannu. Ja numfashi ta hanci a hankali, ka sake shi ya fi shigarsa tsawo, kamar sau 8. Daga nan miƙe ƙafafu gaba, ka sunkuya daga ƙugu bayanka a miƙe, har ka ji ja a bayan cinya. Wannan zaman ka daɗe a kansa, domin a sirdin Abzinawa ƙafafu gaba suke miƙewa, kuma mutumin da ya saba da kujerar ofis ko ta mota a nan yake fara jin jiki.

Sai ka durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu. In ka ja numfashi ka saki ciki ya sauka, ka ɗaga ƙirji. In ka fitar ka tura gadon baya sama, ka sunkuyar da kai. Yi ta yi a hankali sau 10 ko fiye. A ganina duk cikin motsin safiyar nan babu mai muhimmancin wannan, saboda shi ne ainihin abin da tsatsonka zai yini yana yi a kan raƙumi, gaba da baya, gaba da baya. Wanda tsatsonsa ya koyi wannan lanƙwasa a kan tabarma ba zai sha mamaki a sama ba.

Ragowar ba su da wuya. Dasa gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗaya ƙafar a gaba, ka tura ƙugu gaba har ka ji ja a matsematsi, sannan ka sauya. Yi tsugunno dugaduganka a ƙasa. Miƙe ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan rairayi mai laushi, idonka a kan wata bishiya can nesa, ka ga yadda jiki ke daidaita kansa in ba ka ƙanƙame shi ba. Juya idon sahu, ka buɗe yatsun ƙafa ka dunƙule su. Duka bai wuce minti 20 ba. Ka bambanta ja da zafi: ja alama ce jijiya na buɗewa, zafi mai suka kuwa cewa yake ka dakata. Karin kumallo ya zama mara nauyi, kunu ko fura da 'yan dabino, ka sha ruwa sosai.

Sirdi, akala, da tashin raƙumi

Za ka tarar an gurfanar da raƙumin, wataƙila an ɗaure masa gwiwar gaba a naɗe don kada ya tashi. Ka tunkare shi ta gefen hagu, daidai kafaɗa, inda yake ganinka, kana magana a hankali. Kada ka bi ta bayansa, kada ka kai fuskarka kusa da bakinsa. Raƙumi yana cizo, yana fesa abin da ya tuƙa in ransa ya ɓaci, kuma in yana tsaye yana harbi ta gaba da baya da gefe. Ka bar shi ya shinshini hannunka in Baba ya ce ka miƙa.

Ka tsaya ka ga yadda ake ɗaura sirdi, domin rabin lafiyarka a nan take. Mahayan yankin nan a gaban tozo suke aza sirdi, a kan kafaɗu, bayan an shimfiɗa ƙyalle mai kauri. Sirdin da maƙeran Agadas suka yi suna da shi na icce ne da aka lulluɓe da fata, da majingina a baya, da dogon goshi mai reshe uku a gaba. Ba shi da likkafa. Wuyan raƙumin shi ne matakinka, shi ya sa ake hawa ba takalmi, a rataye su a jikin sirdi. Kafin a aza komai, mai raƙumi zai shafa bayan dabbar ya duba ko akwai miki. In ka ga gyambo a inda sirdi zai zauna, ka ce a canza maka wani, ko da za ka rasa hawan ranar. Da aka ja majayi, wato igiyar da ta zagaye ƙirji, raƙumin zai yi ruri kamar ana yanka shi. Halinsa ne, kada ya firgita ka.

Goshin sirdin nan mai reshe uku shi ne hannun sabon shiga ke fara kai wa cafka. Ado ne da gwaninta, ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba, yana iya karyewa, kuma tsininsa na iya sukar ƙirji in ka kifa a kansa. In dole ka riƙe wani abu, riƙe gindinsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun a gefen majingina.

Akala igiya ce guda, wadda a kan ɗaura a zoben da ke hanci ko a haɓa. Da safe ba kai za ka riƙe ta ba. Baba zai riƙe ta gajere, ya juyo da kan raƙumin wajensa, ya taka naɗaɗɗiyar ƙafar gaba. Dalili shi ne raƙumin hawa an koya masa ya miƙe da zarar ya ji nauyi, saboda haka wanda ya tsaya jan jiki, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, shi ne ke faɗuwa. Yi bisimilla, ka karanta addu'ar hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf tun kana ƙasa, sannan ka ɗaga ƙafar dama ka zauna a tashi ɗaya. Cinyoyinka su sa goshin sirdi a tsakiya, tafukan ƙafa su sauka a lanƙwasar wuya, ɗaya a kan ɗaya ko ɗaya gaban ɗaya. Ka roƙi a riƙe shi a gurfane ka hau ka sauka sau uku ko huɗu kafin a bar shi ya tashi. Babu abin kunya a ciki.

Tashin raƙumi hawa uku ne, kuma nan ne wurin da ya cancanci ka haddace tun kafin ka hau. Da farko zai ɗan zabura ya hau kan gwiwoyinsa na gaba, ka ji an tura ka baya kaɗan. Kada ka biye wa wannan ka kifa gaba, domin abin da ke biye shi ne babba: ƙafafun baya za su miƙe gaba ɗaya, bayansa ya yi sama, kai kuma ka ga ƙasa tana fuskantarka. A nan ka kwanta baya sosai a kan majingina, ka dafe wuyansa da tafukan ƙafa. Sai na uku, ya miƙe ƙafafun gaba, ka dawo gaba ka daidaita. Baba zai riƙa ce maka "Baya, baya!" sannan "To, gaba!" Ka bi muryarsa fiye da abin da cikinka ke gaya maka. Duka abin ɗan lokaci ne ƙanƙane, kuma ka fitar da numfashi yayin da yake yi, domin mai riƙe numfashi jikinsa sandarewa yake.

Yanzu idonka ya kusa mita 3 daga ƙasa. Kada a tafi tukuna. Ka zauna ka yi numfashi, ka dubi nesa, ka bar Baba ya sake duba majayi.

Raƙumi ba ya tafiya irin ta doki. Ƙafafun dama biyu tare suke tafiya, sannan na hagu biyu, shi ya sa yake rangaji gefe da gefe yana kuma tura ka gaba da baya. Kuskuren kowane sabon mahayi shi ne ya matse cinyoyi, ya ƙame baya, ya zuba wa wuyan raƙumin ido. Mai yin haka kowane taku a ƙashin bayansa yake sauka. Kai ka saki ƙugu ya tafi da sirdi, kafaɗunka su zauna daidai, kanka a miƙe, idonka a inda sama ta haɗu da ƙasa. Daga cibiya zuwa ƙasa na raƙumi ne, daga cibiya zuwa sama naka ne. Dubi yaron zango ɗan shekara 10 a kan raƙumin ubansa, za ka ga ƙugunsa na ta aiki amma kansa ko girgiza ba ya yi. In ka ji tashin zuciya, duban nesa ne maganinsa.

Raƙumi mai tafiyar sannu yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. Hawan farko kada ya wuce rabin awa, ana jan ka, a fili mai laushi. Ku zagaya ku dawo, ka sauka, ka taka ƙasa ka ji inda ya fara ɗumi a fatarka. In akwai wurin da ke gogewa, yanzu ne za a gyara shimfiɗa ko a ƙara ƙyalle, tun bai zama ciwo ba. Ka huta, ka sake hawa na wani rabin awa. A wannan karon ku hau ɗan tudu ku gangara: a hawa ka karkata gaba, a gangara ka koma baya ka dafe wuya da ƙafa. Gangara ta fi wuya, domin raƙumi yana sauka da nauyinsa duka a kan ƙafafun gaba.

Ka lura da itatuwa. Raƙumi in ya hango kandili ko aduwa zai miƙa wuya ya nufe su, shi leɓensa ya saba da ƙaya, kai kuwa reshen daidai fuskarka yake. Haka in ya sunkuya cin ciyawa, matakin ƙafarka ya tafi ƙasa ke nan, sai ka koma baya ka jira ya ɗago.

Tsakar rana

Daga wajen ƙarfe 11 zuwa la'asar ba a hawa. A sauke sirdi, a sa wa raƙumi dabaibayi ya yi kiwo, kai ka nemi inuwa. Iskar hunturu tana busar da gumi da zarar ya fito, sai mutum ya bushe bai sani ba. Ka riƙa kurɓar ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, in fitsarinka ya yi ja ko kanka ya fara sarawa ka haɗa ruwan gishiri da sukari. Za a dafa shayi hawa uku, ka zauna ka sha duka, a nan ne hira take kuma a nan za ka ji abin da ba a faɗa a bakin sirdi. Za a ba ka cuku, wataƙila da nonon taguwa. Ka roƙi a tafasa maka shi, domin ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi mai daɗewa da ciwon gaɓoɓi, kuma ka sha kaɗan, yana sakin cikin wanda bai saba ba.

In rijiya na kusa, je ka ka gani. Tsawon hanyar da dabba ke bi tana jan igiyar wasaki shi ne zurfin rijiyar, kuma raƙumin da ya daɗe bai sha ba yana iya shanye lita 100 cikin kwata ɗaya na awa. Kowane garke da layinsa. Ka tsaya gefe, kada ka shiga tsakanin dabba da komi.

Akala a hannunka

Da la'asar sakaliya za a miƙa maka akala, Baba na tafe a gefe ko a kan nasa raƙumin. Riƙe ta da hannu ɗaya, da ɗan sassauci. Kada ka taɓa naɗe ta a wuyan hannu ko a yatsa, domin in raƙumin ya fizge kai zai tafi da kai. Ka tuna kuma a hanci take, wuri mai taushi. Fizga ɗaya ta rashin sani na iya yage hancin dabba, kuma wannan ɓarna ce da kuɗin hayarka ba zai biya ba.

In kana son dama, kai hannunka dama a hankali, ka ɗan danna wuya da ƙafa. Hagu ma haka. In kana son ya tafi, ka motsa yatsun ƙafarka a kan wuyansa, ka yi sautin da mai shi ke yi. In kana son tsayawa, ka ja akala wajen cikinka sannu, ka koma baya, da ya tsaya ka saki. Sakin nan shi ne ladansa, da shi yake gane ya yi daidai. Kowane gida da irin sautin da suka saba wa dabbobinsu, na tafiya daban, na gurfana daban, saboda haka ka saurari na Baba ka kwaikwaya. Tsumagiyar da ke hannun mahaya ta nuni ce, taɓawa ake yi a kafaɗa. A ranar farko ma ba ka bukatarta.

Gurfanarwa ita ce tashi a juye. Za ka ja akala ƙasa kana yin sautin, raƙumin ya yi 'yar gardama, sannan ya faɗi a kan gwiwoyin gaba farat ɗaya. Wannan faɗuwar ce ke jefa mutane ta kan wuya, don haka ka riga shi komawa baya. Sai ya naɗe ƙafafun baya, ka dawo daidai, ya gyara kwanciya a kan ƙirji. Kada ka sauka sai ya natsu kuma Baba ya kama akala. Ka sauka ta hagu, a tashi ɗaya kamar yadda ka hau.

Sassarfa da sukuwa ba na yau ba ne. Ka dai sani raƙumi mabiyin 'yan'uwansa ne, in samarin zango suka wuce ku a guje naka zai so ya bi su. Ka gaya wa Baba tun farko ya hana su wasa kusa da kai. In ya ɗauka da kai duk da haka, kada ka yi ihu, ka koma baya, ka ja akala gefe ɗaya ya yi ta zagaye har ya lafa.

In ka ji sirdi na zamewa gefe, faɗa nan take a tsaya. In faɗuwa ta zama dole, saki akala, sa haɓa a ƙirji, ka sauka ta gefen jiki ka mirgina nesa da ƙafafunsa. Kada ka miƙe hannu don tare ƙasa, nan ne wuyan hannu ke karyewa. Wanda ya bugu a kai ya fara amai, ko magana ta rikice masa, ko barci ya rinjaye shi, a nufi asibitin Tanut da shi ba jira. Cizon raƙumi ma haka, ko ya yi kama da ƙarami, domin haƙoransa suna murƙushe abin da ke ƙarƙashin fata. A wanke da ruwa da sabulu sosai, a tafi likita.

Kafin magariba ka sauka, ka taya sauke sirdi. Shafa bayan raƙumin da tafin hannu inda sirdi ya zauna, ka duba kumburi, ka nuna wa Baba in ka ga kaska. Koyi ɗaura dabaibayi, kana tsugune ta gefe ba ta gaba ba. Sannan ka wanke hannu. Ka biya abin da kuka yi alkawari cif, ka ƙara da sukari da ganyen shayi don uwargida, yaron da ya yini yana kawo maka ruwa shi ma ka tuna da shi.

Da dare ka maimaita miƙe jijiyar safe a taƙaice, ka gasa tsatso da cinyoyi da ruwan ɗumi, ka shafa man kaɗe inda fata ta yi ja. Ka kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin ka kwanta. Tsamin jiki ya fi tsanani a kwana na biyu, saboda haka gobe ka sake farawa da tabarma, ka hau na awa ɗaya kawai, zuwa rijiya da dawowa, akala a hannunka tun daga zango. In ka yi wannan ba tare da hannunka ya nemi goshin sirdi ba, jibi ka ce wa Baba ya nuna maka sassarfa.